Daga Ganuwar Campeche zuwa Dajin Calakmul: Yadda Ake Tsara Tafiyar

Yawancin baƙin da ke shiga yankin Yucatán na ƙasar Meziko a Cancún suke sauka. Su yi kwana biyu a bakin teku, a kwashe su a bas zuwa Chichén Itzá, su yi hoto cikin turmutsitsi, su juya gida suna cewa sun ga ƙasar Maya. A ɗaya ɓangaren yankin kuwa, a gaɓar yamma, akwai wani gari mai ganuwa da ba ya ganin irin wannan tururuwa. Cikakken sunansa San Francisco de Campeche, amma mutanen wurin Campeche kawai suke cewa, ana furta shi Kampeche. Shi ne babban birnin jihar da ta ci sunansa, kuma daga ƙofarsa ake kama hanyar wasu daga cikin manyan kufan Maya da suka rage a doron ƙasa.

Abin da nake so mai niyyar zuwa ya riƙe tun farko shi ne, wannan tafiya tana da jerinta, wanda ya birkita jerin kuwa duwatsu kawai zai gani. Gari ake fara gani da gidajen tarihinsa, sannan Edzná da ke kusa, sai a ƙarshe a nausa daji zuwa Calakmul. Kayan da aka tono daga kaburburan sarakunan daji a cikin gari suke a ajiye. In ka fara da su, ranar da ka isa dajin ka san gidan wa ka shigo. Ka ware kwana shida ko bakwai. Ƙasa da haka, a cikin mota tafiyarka za ta ƙare.

Kafin a tashi

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Meziko, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Akwai sassauci ga wanda ke riƙe da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Schengen, amma irin wannan doka takan sauya, don haka a ji ta bakin ofishin jakadanci kafin a yanki tikiti.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu: ruwa ya ɗauke, zafi bai kankama ba. Afrilu da Mayu rana tana ƙuna, zafi yakan kai maki 40, ga gumi irin na bakin teku wanda ba ya bushewa a jiki. Damina daga Yuni ce zuwa Oktoba, ita ce kuma kakar sauro da guguwar teku.

Garin yana da ƙaramin filin jirgi da ke karɓar jirage daga birnin Meziko. Mafi yawan mutane dai ta Mérida suke biyowa, mai nisan kilomita 180 a arewa, su hau bas ɗin kamfanin ADO, cikin awa biyu da rabi su iso. Tun Disambar 2023 kuma jirgin ƙasa na Tren Maya yana haɗa Cancún da Campeche, sai dai tasharsa tana bayan gari, sai an ƙara da mota. Agogon Campeche yana bayan na Najeriya da awa bakwai. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Ka tafi da dardumarka.

Garin da ganuwarsa

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san ganuwa, ya san ƙofa, ya san abin da ake nufi da cikin birni da waje. Zai gane Campeche nan take, sai dai zai ga ganuwar ƙarama ce ƙwarai. Tamu ta ƙasa ce, ta kewaye gidaje har da gonaki. Wannan ta dutse ce, tsawonta duka bai wuce mita 2,560 ba, an yi ta ne don ta jure harbin igwa daga teku.

Sifaniyawa sun fara taka wurin a 1517, lokacin yana garin Maya mai suna Ah Kin Pech. A 1540 Francisco de Montejo ƙarami ya kafa garin mulkin mallaka a kansa. Garin ya daɗe yana zaman babbar tashar jiragen ruwa ta Yucatán. Ta nan ake fitar da kakin zuma da gishiri da tufafin auduga, amma abin da ya azurta garin wani itace ne da ke fitowa a fadamun yankin, palo de tinte, itacen rini. Zuciyarsa ja ce. In an daddatsa an dafa, tana ba da baƙi da shuɗi da shunayya, marinan Turai kuwa suna biyan kuɗi mai tsoka a kanta. Inda dukiya ta taru a bakin teku ba tsaro, 'yan fashin teku ba su da nisa. Sun afka wa garin a 1597, suka dawo a 1633. A 1663 Christopher Myngs na Ingila ya wawushe shi. A 1685 Laurens de Graaf ɗan Holan, wanda mutanen garin har yau suke kira Lorencillo, da abokin tafiyarsa Grammont na Faransa suka mamaye shi na makonni, suka kwashe abin da za su kwasa, suka cinna wuta. Shekara guda bayan wannan, a 1686, aka sa harsashin ganuwa, aka kammala wajen 1704: kusurwa shida marasa daidaito, ƙofofi huɗu daga baya, da ɗakunan igwa takwas da ake kira baluarte. A ƙarshen ƙarni na 19 hukuma da kanta ta fara rushe sassanta. Abin da ya tsira, da wanda aka sake ginawa, shi UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1999.

Ɓata a cikin ganuwar yana da wuya. Titunan lambobi gare su: masu lambar da ta rabu biyu, daga 8 zuwa 18, suna bin tsawon gaɓa, masu mara, daga 51 zuwa sama, suna gangarowa teku. Ka fara da sassafe daga Puerta de Tierra, ƙofar tudu, wadda aka gina a 1732. A nan ake biya a hau kan ganuwa a taka tsakanin baluarte na San Francisco da na San Juan. Ka tsaya a sama ka dubi hagu da dama. Gefe guda gidaje ne masu fenti kala-kala, rawaya da shuɗi da ruwan hoda, a jere kamar an ja su da zare. Ɗaya gefen kasuwa ce da hayaniyar motoci. Wannan rabuwa ba yau ta fara ba. A zamanin mallaka Sifaniyawa ne a ciki. Maya, waɗanda suka fasa dutsen suka ɗauko shi a ka, suna unguwar San Francisco a waje. Baƙaƙen fata da 'ya'yansu suna Santa Ana, su ma a waje. In an hango jirgin 'yan fashi, an san wa ganuwa ta rufe, an san wa ta bari.

Daga ƙofar tudu ka gangaro ta titi na 59 har Puerta de Mar, ƙofar teku, wadda aka rushe a 1893 aka sake ginawa a 1957. Kada ka yi mamaki in ka fita ba ka ga ruwa a ƙafarka ba. An cike bakin tekun an yi tituna da gine-gine, ruwan ya ja baya. Za ka lura dakalin gefen titi yana da tsayi fiye da yadda ka saba, saboda ruwan sama da ke malala a damina. Mai ciwon gwiwa ya yi hattara. Da yamma ana jera teburan abinci a tsakiyar wannan titi, ana kuma sayar da giya, wanda bai son zama a irin wurin ya bi shi da safe.

Dandalin tsakiyar gari, gaban babbar majami'a, ya cancanci a zauna a cikinsa, musamman ga ɗan Afirka. A shekarar 2000, ana aikin gyara, aka tono harsashin tsohuwar majami'a da maƙabartarta, kaburbura wajen 180 na ƙarni na 16 da na 17. Wasu daga cikin mamatan an fere musu haƙora irin yadda ake yi a wasu sassan Afirka ta Yamma. Da masana suka gwada sinadarin da ke cikin haƙoran, wanda ke nuna ƙasar da mutum ya sha ruwanta yana yaro, sai ya tabbata a Afirka aka haife su. Suna cikin mutanen farko haifaffun Afirka da aka gano ƙasusuwansu a nahiyar Amurka. Ba a san sunan ko ɗaya ba. Yara suna wasa a wurin yanzu, ana sayar da kayan sanyi. Mai yi maka jagora zai ba ka labarin Lorencillo da daɗin baki; wannan labarin sai ka tambaya.

Gidajen tarihi biyu ne ba a tsallakewa. Na farko yana cikin Baluarte de la Soledad, dab da ƙofar teku, an keɓe shi ga fasahar ginin Maya: ginshiƙai, kawunan ƙofa, da dogayen allunan dutse masu zanen sarakuna da rubutu. Na biyu yana Fuerte de San Miguel, kagara ce a kan tudu kudu maso yamma da gari, ta ƙarshen ƙarni na 18, da gwalalonta da gadar da ake ɗagawa, sai an hau tasi. Tsakanin gidajen biyu za ka ga fuskokin da aka harhaɗa da gutsattsarin koren dutse mai daraja, waɗanda aka rufe fuskar sarakunan Calakmul da su a kabari. Za ka ga kuma ƙananan mutum-mutumin yumɓu na tsibirin Jaina: mace tana saƙa, tsoho da tamojin fuska, ɗan wasan ƙwallo da ɗamararsa. Waɗannan ƙananan abubuwa, a ganina, sun fi manyan dalar faɗin yadda mutanen suke. A nan ne kuma ya dace ka koyi karanta lambar Maya, abin minti biyar: ɗigo ɗaya shi ne 1, sanda ɗaya 5, sanda uku da ɗigo huɗu 19. Da ashirin-ashirin suke lissafi, kuma suna da sifili. Daga ranar, duk allon dutsen da ka tsaya a gabansa, ko ba komai za ka iya tsinto lambobin kwanan wata. Yawancin gidajen tarihin ba sa buɗewa ranar Litinin, a tsara mako da wannan a zuci.

Sauran baluarte ɗin ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. San Carlos yana da tarihin garin, Santiago an mai da shi ɗan lambun itatuwan yankin, can ka nemi a nuna maka palo de tinte da ransa. Kagara ta biyu, San José el Alto, a arewa, tana ɗauke da kayan da aka tsamo daga ƙarƙashin ruwa. In rana ta yi sanyi ka fita malecón, doguwar hanyar bakin teku, inda mutanen gari ke shan iska. Ba wurin iyo ba ne. Ruwan ba shi da zurfi har nesa, shi ya sa a da manyan jiragen da ke zuwa ɗaukar itacen rini a can nesa suke tsayawa, ƙananan kwale-kwale su kai musu kaya.

Abin ci

Nan fa sai Musulmi ya buɗe ido, domin alade ya shiga girkin Yucatán sosai. Cochinita pibil alade ne, poc chuc alade ne, frijol con puerco sunansa ma ya faɗa. Abin da ya fi kama mutum shi ne wanda ba a gani: sau da yawa da kitsen alade, manteca, ake soya wake, da shi ake kwaɓa ƙullin tamales. Kalmomi huɗu za su cece ka: sin puerco, sin manteca, wato ban da alade, ban da kitsensa. Ka faɗa kafin a zuba, kuma ka tambayi waken musamman.

Sauƙin abin shi ne Campeche garin masunta ne. Gasasshen kifi da soyayye, jatan lande da aka tsoma a kwakwa aka soya, duk suna nan a wadace. Abincin da garin ke tinƙaho da shi pan de cazón ne: faifan masara a jere hawa-hawa, tsakaninsu wake da dagargajen naman ƙaramin kifin shak, an kwarara miyar tumatir a kai, an ɗora barkonon habanero guda. Shi ma a tambayi wakensa. Habanero ɗan'uwan attaruhu ne, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Wajen abin sha kuwa za ka yi murmushi: jan ruwan da suke kira agua de jamaica zoɓo ne, zoɓonmu sak, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Tamarindo tsamiya ce. A babbar kasuwa da ke bayan ƙofar tudu za ka same su duka da araha, tare da mangwaro da gwanda. Ruwan famfo ba na sha ba ne, a sayi na gora.

Edzná

Kilomita 55 ne kudu maso gabas da gari, tafiyar ƙasa da awa guda. Ƙananan bas-bas na haya, colectivo, suna tashi daga gefen kasuwa in sun cika; ka tambayi direba ƙarfe nawa ta ƙarshe ke dawowa. Hukumar INAH ce ke kula da dukkan kufan ƙasar, yawanci ana buɗewa ƙarfe 8 a rufe ƙarfe 5. Ka riƙe tsabar kuɗin peso, da ruwa fiye da yadda kake zato, da malfa, da maganin sauro.

An zauna a Edzná tun ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya, ta yi tashenta tsakanin 600 da 900, aka watse daga cikinta wajen 1500. In ka shiga babban dandali, a yamma za ka ga Nohochná, wani dogon gini mai matakala da ya kai mita 135, kamar an yi shi don jama'a su zauna su kalli abin da ke gudana. A gabas, a kan wani ƙaton dandamali, ga Edificio de los Cinco Pisos, gini mai hawa biyar, tsayinsa kimanin mita 31. Abin da ya bambanta shi da sauran dalar Maya shi ne kowane hawa yana da ɗakuna da ƙofofi, dala ce kuma fada ce, da ɗakin bauta a ƙololuwa. A matakalar ƙasa akwai duwatsu masu rubutu. Ginin yamma yake kallo, saboda haka da safe rana tana bayansa, hoto ba ya kyau. Da la'asar take haska fuskarsa. Ni dai safiya nake zaɓa wa mutum, domin dandalin fili ne fetal ba inuwa, kuma zafin tsakar rana a wurin yana kayar da mai ƙarfi. Mai motar kansa da ke son hoto ya zo ƙarfe 3.

Kada ka fita ba ka leƙa Templo de los Mascarones ba, inda fuskoki biyu na abin bautarsu na rana suke a ƙarƙashin rumfa, an yi su da shafen farar ƙasa, har yanzu da ragowar jan fenti. Akwai kuma filin ƙwallo, inda ake buga ƙwallon roba da ƙugu.

Amma babban aikin Edzná ba ya cikin abin da ido ke gani. Garin yana cikin kwari mai ƙasar laka, da damina ya cika da ruwa, da rani ya bushe ƙaƙas. Mutanen suka haƙa magudanan ruwa da tafkuna, suka janye ambaliya daga gonaki suka adana ta don rani. Babbar magudanar ta kai kilomita 12. Sun yi haka ba ƙarfe, ba jaki, ba amalanke, da dutse da itace da kwando. Yawancinta daji ya rufe yanzu. Duk wanda ya san abin da ake nufi da jiran ruwa da tsoron ruwa a shekara guda zai fi ganin girman wannan aiki a kan na hawa biyar ɗin. Ka riƙe wannan tambaya ta ruwa a duk kufan da za ka shiga: waɗannan mutane a ina suke sha? Ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce mai shanye ruwa, koguna ba su da yawa, garin da bai iya tara ruwan sama ba ba ya daɗewa.

Wani abu kuma game da Edzná: a shekarun 1980, lokacin yaƙin basasar Gwatamala, an tsugunar da dubban 'yan gudun hijira a jihar Campeche, galibinsu Maya ne. Da tallafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da yawansu suka yi aikin share wannan kufai da gyara gine-ginensa. Maya ba mutanen da ba ne da suka ƙare. Sama da mutum 700,000 suna magana da harshen Maya na Yucatán a yau. Direban da ya kawo ka, da matar da ta sayar maka da lemo a bakin ƙofa, wataƙila da shi suke magana a gida. Kada ka tambaye su ina Maya suka tafi.

In akwai rarar yini guda, a yi arewa ta hanyar Mérida. A Bécal ana saƙa malfar jipijapa a cikin kogunan da aka haƙa a bayan gida, domin danshin kogo ne ke sa zaren kabar ya yi laushi ba ya karyewa. A Pomuch ana ajiye ƙasusuwan mamata a buɗaɗɗun akwatuna, dangi su zo su goge su a ƙarshen Oktoba, su sauya musu ƙyalle mai ado. Al'adar za ta yi wa Bahaushe nauyi. Wanda ya shiga ya tuna iyayen wasu ne, kada ya ɗaga waya sai da izini.

Calakmul

Kamfanonin yawon buɗe ido a Campeche za su ce maka ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Ana yi, amma ban ba ka shawara ba: sama da kilomita 300 ne zuwa kawai, awa biyar a mota, ka isa rana ta take, dabbobi sun ɓuya, ƙafarka ta mutu. Ka kwana a Xpujil ko kusa da ƙauyen Conhuas, ka shiga daji da asuba.

Hanyar tana bin gaɓa kudu zuwa Champotón, inda mayaƙan Maya suka fatattaki Sifaniyawan 1517 har suka laƙaba wa wurin sunan gaɓar mugun faɗa. Daga nan zuwa Escárcega, sai a juya gabas a kan babbar hanya mai lamba 186. Ka cika tanki a Escárcega. Ka kula da topes, tudun rage gudu da ke bakin kowane ƙauye, wasu ba alama. Tuƙin dare a bar shi. A Conhuas ake barin babbar hanya a shiga ta daji, kilomita 60, ƙunci gare ta da kwana-kwana, tana cin wajen awa ɗaya da rabi. Ana biya fiye da sau ɗaya: na al'ummar da ke da ƙasar, na gandun daji, da na INAH. Da tsabar kuɗi za ka zo. Ka sayi abinci da ruwa tun daren jiya, ka sanar da gida cewa wayarka za ta yi shiru, ka sa dogon wando da rufaffen takalmi saboda kaska. Ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyukan wurin, da ɗan gari akan ci gari. Shi zai ji motsin biri kafin ka gan shi, kuɗin kuma ya zauna a inda ya kamata.

Gandun dajin an kafa shi a 1989, faɗinsa ya haura hekta 700,000. A hanya za ka iya cin karo da talotalon daji mai gashi kamar na ɗawisu yana tafiya a tsakiyar titi. Akwai birai iri biyu, ɗaya mai dogayen hannuwa, ɗaya mai ruri da in ka ji shi karon farko za ka rantse zaki ne. Damisar yankin, jaguwa, tana nan, amma ganinta sai mai rabo.

Garin Calakmul kansa yana da nisan kilomita 35 daga iyakar Gwatamala. Masu tatsar ƙaron cingam ne suka san shi, su suka kai wani masanin tsirrai Ba'amurke, Cyrus Lundell, a 1931, shi ya sanar da duniya. An ƙidaya gine-gine sama da 6,000 da allunan dutse 117, fiye da na kowane garin Maya. Nan ce fadar gidan sarautar Kaan, masu tambarin kan maciji, waɗanda suka shafe fiye da ƙarni suna kokawar iko da Tikal ta Gwatamala. Dabararsu ita ce kewaye abokin gaba da ƙawaye: su ɗaura aure nan, su naɗa sarki can. A zamanin Yuknoom Ch'een na Biyu, daga 636 zuwa 686, babu gidan da ya kai su ƙarfi a ƙasar Maya. A 695 sarkin Tikal, Jasaw Chan K'awiil, ya karya magajin Yuknoom Ch'een, wato Yuknoom Yich'aak K'ahk', a fagen yaƙi, daga nan tauraron gidan Kaan ya fara dusashewa. An gano kabarin wannan sarki da aka ci da yaƙi a cikin babbar dalar garin, wadda ake kira Estructura II. Fuskokin koren dutse da ka tsaya a gabansu a Campeche daga irin waɗannan kaburbura suka fito.

Estructura II ta haura mita 45. In masu gadi sun ce ana hawa, ka hau a karkace, kana sa ƙafa a gicciye, domin matakalar tsaye take kuma takun gajere ne. Saukowa ta fi hawa wuya. Ƙololuwar da kake hange daga ƙasa ba ita ce ta ƙarshe ba, akwai wata a bayanta. Daga can sama, duk inda ka juya daji ne har iyakar gani, sai kan wata dala da ya ɓullo daga cikin itatuwa. Ƙarƙashin wannan koren duka gari ne, da unguwanni da tafkunan tara ruwan sama, domin nan ma babu kogi. Yawancin allunan dutsen sun zaizaye saboda dutsen wurin mai laushi ne, kada ka sa ran karanta su kamar na gidan tarihi. Akwai kuma wani zanen bango da aka gano a 2004 a sashen Chiik Nahb, mai nuna talakawa suna miƙa wa juna kunun masara da gishiri da taba, da ɗan rubutu kusa da kowa yana faɗin sana'arsa. An rufe shi don kada ya lalace, a hoto kawai ake ganinsa. UNESCO ta karɓi Calakmul a 2002, ta faɗaɗa a 2014 ta haɗa da dajin. Ka ba wurin awa huɗu. Kada ka ɗauki ko tsakuwa, laifi ne a dokar ƙasar, kuma jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi sai da izinin INAH.

Da magariba, a kan hanya ta 186 ba nisa da Conhuas, akwai kogon da jemagu ke fitowa daga cikinsa miliyoyi, suna juyawa sama kamar hayaƙi. Da ɗan jagora ake zuwa, ba a haska fitila, ba a surutu.

Washegari ka ba ƙananan kufan da ke kewaye da Xpujil, duk suna bakin hanya. Becán tana da gwalalo da ya kewaye ta, kusan kilomita 2, da mashigai bakwai, shaidar cewa tun ƙarnoni kafin Lorencillo mutanen wannan ƙasa sun san tsoron hari. A Chicanná akwai ginin da ƙofarsa bakin dodo ne a wangame, haƙora sama da ƙasa, idanu a bisa, mai shiga kamar haɗiye shi ake yi. Xpujil tana da hasumiya uku masu matakalar ado, tsaye ƙyam, ba a yi su don a taka ba. Balamkú kuma, kusa da Conhuas, tana ɓoye da wani dogon zanen farar ƙasa mai launi a cikin gini, sai mai gadi ya buɗe maka. In lokaci ya ƙure, Becán da Chicanná sun isa.

Daga Xpujil ba lallai ne a koma Campeche ba. Chetumal tana gabas, kimanin kilomita 120, daga can hanya ta miƙe arewa ta Bacalar zuwa Cancún. Da ka tsallaka cikin jihar Quintana Roo agogo yana ƙaruwa da awa guda, mai jirgin da zai kama ya gyara nasa tun a kan iyaka.